Naman Alhamis a Filin Golf

Filin golf na garin Punta Ceniza rami tara gare shi, kuma duk taran babu na nuna wa baƙo. Turawan Ingila da suka shimfiɗa layin dogo su suka yi shi. Da suka tattara nasu ya nasu suka tafi, sai ya zama na hukumar gari, yadda tsohon kare ke zama na wanda aka yar da shi a ƙofar gidansa. Rami na huɗu in an yi ruwa tafki ne, har agwagin daji ke sauka. Sauran kuwa in zafin Janairu ya kama, don a can lokacin ne bazara, ƙasa ce tsurarta, ka bugi ƙwallo ta yi ta tsalle kamar a kan siminti har ta faɗa gonar dankalin maƙwabta. Ɓerayen ƙasa sun haƙa nasu ramukan ko'ina, kuma nasu sun fi na hukuma kyau.

Amma filin yana da kwamiti. Wannan kam bai taɓa rasawa ba.

Kwamitin Tsarin Shekara Goma ake ce da shi, kuma yaran da aka haifa shekarar da aka kafa shi sun fara aske gemu. Duk Alhamis da rana yake zama, a rumfar Nicanor Bustos da ke kan ɗan tudun bayan rami na tara. Tunda aikin gari ake yi, gari ke biyan nama da burodi da jar giya. A shimfiɗa zanen tsarin a kan tebur, a danne gefe ɗaya da kwalba, ɗaya gefen da kwanon gishiri, a yi gardama a kan inda za a sa gada da irin ciyawar da za a kawo daga waje. In haƙarƙari ya nuna a naɗe zanen a ce sai mako mai zuwa. Maiƙo ya ratsa takardar har kana hango hasken rana ta cikinta.

Nicanor shi ke gasa naman. Gajere ne, mai wuya kamar na bijimi, gashin hannuwansa duk wuta ta cinye. Bai taɓa riƙe sandar golf ba sai wata karyayyiya da yake tona garwashi da ita. A ganinsa babu wauta kamar a ce manyan mutane masu jikoki su yini cikin rana suna bin abu kamar ƙwan kaza. Amma bai taɓa faɗa ba. Da naman Alhamis ya aurar da 'yarsa, da shi ya yi wa gidansa rufi, da shi ya sa haƙoran roba. Sauran ranakun mako babu mai zuwa filin sai tsofaffin 'yan fansho, masu zuwa da burodinsu a aljihu suna roƙon ruwan zafi kyauta na shan mate, shayin ganyen da ake zuƙa a ƙoƙo.

Sai aka yi sabon magajin gari, ya turo musu injiniya. Mace ce, Griselda Pontoriero, 'yar garin ce da ta yi karatu a La Plata ta dawo. Ta zo da takalmin roba har gwiwa da wani rodi a hannu, ta bi ramukan nan ɗaya bayan ɗaya tana caka ƙasa, sannan ta hau tudu ta tarar da kwamiti ya ɗaura adiko a wuya.

Nicanor ya yanko mata wuri mai kyau ya miƙa.

"Na gode, na ci abinci," in ji ta.

Ya tsaya da farantin a hannu. Tun da ya fara hura wuta a wurin nan bai taɓa jin ma'aikacin gwamnati ya faɗi wannan magana ba.

Shugaban kwamitin, Dakta Ubaldo Ferrante, lauya ne mai farin gashi da muryar da ta fi aikinsa girma. Ya goge baki ya miƙe zai yi jawabin maraba. Ba ta jira shi ba. Ta ajiye takarda fallen ɗaya a kan tebur.

"Lardi ya saki kuɗi," ta ce.



"Kuɗi?" in ji Basko Aramendi, ma'ajin kwamiti, mai sayar da kayan gini a bakin kasuwa. "Na gaske? Wanda ake taɓawa?"

"Yana asusun gari tun shekaranjiya. Ba shi da yawa. Zai haƙa rijiya, ya kafa tanki, ya ja bututu zuwa kowane rami, ya yi magudana a na huɗu. Shi ke nan."

"To gadar fa?" wani ya tambaya.

"Babu kogi a filin nan, yallaɓai."

"Ai a tsarin za a haƙa."

"Ku bari ciyawa ta sha tukuna."

Dakta ya duba takardar gaba da baya yana neman sauranta. "Tankin a ina za a kafa shi, Injiniya?"

Ta buga takalminta a daɓen rumfar. "Nan. Duk filin nan ne tudu. Rumfar ma ta ruɓe, rufin nan wata rana a kanku zai sauko."

"In an gama aikin kuma, kwamiti fa?"

"Sai a yi muku godiya."

Aka tsayar da cewa Alhamis ta sama za a kaɗa ƙuri'a. Abin da ya fi ƙona wa Nicanor rai shi ne babu wanda ya kalle shi. Mutanen da ya san wa ke son naman da jini-jini, wa ke son ƙonanne, wa likita ya hana kitse amma yake ci a ɓoye, duk suka sunkuyar da kai suna gyaɗawa kamar ɗalibai. Kunya ce ta kama su. Shekara da shekaru suna kukan rashin kuɗi, yau ga kuɗi, da wane baki za su ce ba sa so?

Da yamma a gida ya faɗa wa matarsa Ofelia. Tana zaune a ƙofar kicin da ƙoƙon mate, ta zuba ruwa ta miƙa masa.

"To sai ka je ka same ta," ta ce. "Yarinyar nan na san uwarta, tare muka yi ɗinki. Ba muguwa ba ce."

"In je in roƙi wadda ba ta cin nama?"

"Ka roƙi wanda ya fi ta muni, tsoho. Ka manta mai filin kasuwa?"

"Ke ba ki gane ba. Ba rumfar kaɗai ba ce. In aikin nan ya yiwu, kwamiti ya mutu. In kwamiti ya mutu, Alhamis ta mutu. Me za mu ci, ciyawa?"

"To yaya za ka yi? Ka kwanta a gaban katafila?"

Ya zuƙi mate har ya yi ƙara, ya mayar mata da ƙoƙon. "Na ga tsarin nan ya kusa tashi sau da yawa, kuma na ga abin da ke mayar da shi kwance. Ba rashin kuɗi ba ne, wannan abincinsa ne. Duk ranar da wani ya ce a ƙara masa wani abu, an koma farko."

Ofelia ta dube shi ta saman tabarau. "Nicanor, duk ranar da ka yi tunani sai mun yi asara."

Kashegari da safe yana share toka sai ga injiniyar ita kaɗai. Bai je wurinta ba, ita ta zo.

"Don Nicanor, ban manta da kai ba. Akwai wuri kusa da inda ake ajiye motoci. Ƙarami ne, amma zan sa a yi maka daɓe da rufi daga cikin kuɗin. In filin nan ya yi kore mutane za su zo, har daga wasu garuruwa. Kullum za ka sayar, ba Alhamis kaɗai ba."

"Allah ya saka, 'yata," ya ce, ya cire hula har ƙirji.

Tana juya baya ya tofar da yawu a toka. Mutane za su zo! Ya san mutanen. Mai sayen burodi ɗaya da yanka ɗaya ya tsaya yana ƙirga canji, ya ce naman ya yi tauri. Wannan za a haɗa da mutum bakwai masu cin abin da ba su ne za su biya ba? Wanda bai taɓa ganin yadda mutum ke cin naman gwamnati ba bai san ci ba.

Ranar Asabar ya fara da Dakta. Ya fake shi har ya gama wasa, an cinye shi kamar kullum, ya hau tudu yana haki. Nicanor ya tsaga burodi ya cusa masa yanka mai zafi, bai ce a biya ba.

"Dakta, ni jahili ne, ka yi haƙuri da bakina. Amma akwai abin da ya tsaya mini a wuya."

"Faɗi, Nica."

"Ƙanin matata direban tasi ne a Arroyo Manso. Ka san nasu filin rami goma sha takwas ne. Ya ce in an ambaci namu dariya suke yi. Wai mu in muna son wasa cikakke sai mun zaga sau biyu, kamar jakin da ke juya dutsen niƙa."

Dakta ya daina tauna. "Mutanen Arroyo Manso? Waɗanda kakanninsu albasa suke sayarwa a keken doki?"

"Su fa. Ni ban ce komai ba. Na dai ce masa muna da Dakta Ferrante, yana kan tsari. To yanzu in ya tambaye ni abin da tsarin ya haifa, in ce masa me? Famfo?"

Nicanor ya ƙara matsowa, ya ci gaba.

"Sannan allon tagullan nan da ake rubuta suna. A jikin tanki za a manna shi ke nan? Duk wahalar da ka sha wa garin nan, jikokinka su zo karanta sunanka a gindin tankin ruwa, inda karnuka ke ɗaga ƙafa. Ni dai ban ji daɗi ba. Amma ku ne masu ilimi."

Dakta ya juya ya kalli gonar dankalin da ke bayan waya, ya daɗe yana kallonta. Nicanor ya san kallon. Haka yake kallon haƙarƙari kafin a yanka.

Basko bai ma kai wannan wahalar ba. Nicanor ya same shi a shagonsa ranar Litinin, ya hau tsani yana goge farashin siminti yana rubuta sabo.

"Basko, sau nawa ka hau tsanin nan bana?"

"Na daina lissafi. Gwiwata ce ke lissafawa. Me kake so, ƙusa?"

"Ƙusa. Ina dai tunanin kuɗin nan na lardi. Kafin a yi tallar kwangila, kafin a buɗe, kafin mai haƙa rijiya ya taso daga inda yake, ai hunturu ya shiga. Peso ɗin da zai haƙa rijiya yau, ranar nan ko guga zai saya?"

"Igiyar gugan dai."

"To kai ne ma'aji. Ni da kai in kuɗi ya shigo hannunmu, banki muke kai shi?"

Basko ya yi dariya. A Punta Ceniza babu mai hankalin da ke barin peso ya kwana biyu a hannunsa. Ka samu, ka sayi jan bulo ka jibge a bayan gida, ko da ba ka san abin da za ka gina ba. Leƙa bayan kowane gida za ka ga tarin, wani har kaji sun yi sheƙa a ciki, wani mai shi ya mutu magada na rabo ɗai-ɗai. Bulo ba ya narkewa, ba ya jin labaran rediyo.

"Amma rijiya ba ta son bulo," in ji Basko, yana saukowa a hankali.

"Rijiya kam ba ta so. Sai dai in akwai wani gini babba a tsarin. Ni ban sani ba. Ka tambayi Dakta, na ga kamar yana da wani tunani."

Ya biya kuɗin ƙusarsa ya fita. Bai kai kwanar titi ba ya waiga ya ga Basko da waya a kunne.

Ranar ƙuri'a Nicanor ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya sa hannu a aljihunsa. Ya sayi ɗan rago sukutum ya gicciye shi a ƙarfe gefen wuta tun da hantsi, ya ƙara da haƙarƙari da ƙoda da hanji, ya kawo giyar da ba ta kwali ba. Ofelia ta ce ya haukace. Shi ya san abin da yake yi. Ya daɗe da lura cewa mai jin yunwa da wuri yake yarda don a tashi, ƙosasshe kuwa mafarki yake yi.

Injiniyar ta zo da takardarta ta ce a kaɗa ƙuri'a tukuna, sannan a ci.

"Haba, Injiniya," in ji Dakta. "Ba a taɓa yi ba. Naman zai bushe, kuma cin fuska ne ga mai wuta."

"Ya nuna, ranku ya daɗe," Nicanor ya faɗa daga bakin wuta. "In ya ƙara minti kaɗan ba ruwana."

Aka ci. Aka yi wa mai gashi tafi kamar yadda aka saba, ya ɗaga karyayyiyar sandarsa ya amsa. Aka ƙara ci. Wani tsohon likitan haƙori ya kwance bel ya jingina da ginshiƙi, barci ya ɗauke shi. Sai da ragon ya koma ƙashi sannan Dakta ya miƙe, fuska ja, kofi a hannu.

Ya fara da Turawan layin dogo, ya bi ta kan kakansa da ya sauka daga jirgin ruwa da akwati ɗaya, ya iso kan mutanen Arroyo Manso da albasarsu. Ya ce tarihi ba zai yafe wa kwamitin nan ba in ya tsaya a famfo. Ya ce rami goma sha takwas. Ya ce a sayi gonar dankali. Ya ce gidan 'yan wasa mai hawa biyu da hasumiyar agogo, da zauren biki, da gasar da za a zo kallo daga ƙasashen waje. Ya ce shekara goma ta yi wa wannan buri kaɗan, a mayar da shi Tsarin Shekara Ashirin.

"Dakta," in ji Griselda, "kuɗin nan ko harsashin hasumiyarka ba zai yi ba."

"Somawa ce, 'yata. Kuɗi kuɗi yake kira."

"Kuma kafin ya kira," Basko ya karɓe, "kada mu bari ya narke a asusu. Ni a matsayina na ma'aji, shawarata a mayar da shi bulo gobe-goben nan. Zan yi wa gari ragi."

"Ciyawa ba ta shan bulo, Don Basko."

Aka yi dariya, har da masu buga tebur, kamar ta yi barkwanci.

"Ba wasa nake ba. In aka sake yin zafi ɗaya babu ruwa, saiwar ta mutu. Ba rami goma sha takwas ba, ko taran ba za ku samu ba. Zan kai wa magajin gari maganar nan yau."

"Kai masa," in ji Dakta cikin taushin murya. "Jiya muka yi shayi tare. Ya tambaye ni abu ɗaya: bututun nan a ina yake zama? Na ce a ƙarƙashin ƙasa. Ya ce to wa zai ɗauki hoto da shi? Zaɓe na tafe, Injiniya. Harsashi ake sa wa hannu, a yanke ƙyalle."

Hannuwa suka tashi, duk suna ƙyallin maiƙo. Aka ta da likitan haƙori ya ɗaga nasa bai tambayi na mene ne ba. Ita ba ta da ƙuri'a. Ta ninke takardarta ta sa a aljihu, ta zo wucewa ta gaban wuta ta tsaya.

"Don Nicanor, ina ƙanin matarka na Arroyo Manso? Dakta ya ce ƙanin ne ya kawo labarin jakin niƙa. Uwata ta ce Doña Ofelia ita kaɗai iyayenta suka haifa."

"Ni nama kawai nake gasawa, 'yata."

Ta sa hannu ta ɗauki wani ɗan guntu da ya rage a gefen ƙarfe, ta ci a tsaye.

"Ka iya kuwa," ta ce. "Kaico."

Ba ta ƙara hawa tudun ba. An ce magajin gari ya mayar da ita sashen kwalbatoci. Nicanor ya koma gida ranar yana fito, ya ce wa Ofelia ta je ta gaya wa ƙawarta mai ɗinki cewa tsoho bai mutu ba.

Bulon ya iso cikin makon, mota bayan mota. Direbobi suka tambayi inda za su sauke, Basko ya ce a nemi wurin da ruwa ba ya kwanciya. Duk filin kuwa wuri ɗaya ne haka. Aka jera shi gabas da rumfar, aka jera yamma, aka jera gabanta har ya fi tsayin mutum, aka bar wata 'yar hanya da sai ka karkace kake shiga. Nicanor bai damu ba. Ya ce ma ya samu maganin iska. Magajin gari ya zo da masu hoto ya ɗora bulo ɗaya a kan siminti a gefen gonar dankalin da ba a saya ba, aka yi tafi, aka watse.

Alhamis ta zo. Ya hura wuta da wuri, ya ɗora haƙarƙari, ya jera kujeru, ya goge tebur. Rana ta take. Ya juya naman. Ya leƙa ta 'yar hanyar, babu mota ko ɗaya. Ya janye garwashi gefe kada ya ƙone. Rana ta fara karkata. Ya mayar da garwashin.

Can sai ga Basko ya kutso a karkace, da wani mutum yana duba ko an sauke masa kaya daidai.

"A'a, Nica! Wa kake gasa wa wannan?"

"Wa nake gasa wa? Yau ba Alhamis ba ce?"

"Kai, ba a faɗa maka ba? Ai an canja. Yanzu ba kwamiti ba ne, Gidauniya ce. Akwai masu zanen gini da ke zuwa daga babban birni, da wani mai kamfanin inshora da ake so ya sa kuɗi. Dakta ya ce ba za a zaunar da irin waɗannan a ƙarƙashin kwano hayaƙi na shiga musu kwat ba. A otal ɗin bakin teku ake zama yanzu, ranar Laraba."

"Abincin fa?"

"Otal ke yi. Kuɗin abincin ai can aka mayar. Kifi ne, ɗan mitsitsi a tsakiyar faranti kamar an yi wa kyanwa. Ni ba na ƙoshi, na rantse maka. Amma ka san girman abu." Ya matso ya shinshina. "Wannan ya nuna? Yanko mini kaɗan mana."

Nicanor bai motsa ba. Basko ya ɗauki wuƙar da kansa ya yanka, ya ci, ya lashe yatsa.

"Dakta bai manta da kai ba fa. Jiya ma ya faɗa a gaban baƙi, ya ce wani talaka mai gashi ne ya buɗe masa ido. Har tafi aka yi maka."

Ranar nan Ofelia ta ci haƙarƙari, maƙwabta suka ci, karnukan filin suka ci har suka kwanta. Sai da ta gama wanke faranti ta juyo wurinsa.

"Wurin nan na kusa da motoci," ta ce, "yana nan?"

"Kuɗin ya zama bulo."

"To," ta ce, ta rataye tsumma.

Zafin shekarar ya zo da ƙarfi, sama ta ƙi zubo ko ɗigo. Ciyawar ta yi ja, ta yi fari, iskar teku ta kwashe ta. Rami na huɗu kaɗai ya ɗan yi taurin kai, shi ma ya bi sahu. 'Yan fanshon nan da Nicanor ke raina wa burodin aljihu suka haɗa kuɗin mai, suka koma cika mota ɗaya suna tafiya Arroyo Manso, inda aka ce ruwan zafin ma sayar musu ake yi. Yanzu in ya ji motsi a bayan bulo ya leƙa, sai ya ga mutum da baro. Tarin gabas ya fara raguwa, kuma a unguwar bayan tasha ɗakuna sun fara tsirowa jajaye. Babu mai baron da ya taɓa sayen ko burodi. Sauri suke yi.

Gidauniya kuwa lafiyarta ƙalau. Ta buga sabon zane mai launi, an kafa shi cikin gilashi a ƙofar filin, da hasumiya da tafki da gada da ƙananan mutane sanye da fararen kaya. A ƙasa an jera abin da za a yi shekara bayan shekara. Nicanor bai iya karatu sosai ba, sai ya jawo Ofelia wata safiya ya ce ta nemo masa rumfarsa.

Ta gyara tabarau ta bi da yatsa tun daga sama. Ta daɗe tana sauka.

"Ga ta nan. Rushe tsohuwar rumfa."

"Yaushe?"

"Shekara ta goma sha tara."

Ya gyaɗa kai. "Kin gani? Na faɗa miki babu mai taɓa ta."

"Babu kam," in ji Ofelia. "Mu je gida, tsoho. Akwai taliyar jiya."